Shanu biyu a kan bindiga ɗaya: in gwamnati ta shiga kasuwar makamai

 Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirin wannan mako, domin wanda bai samu saurare ba, ko wanda batir ya yanke masa a tsakiyar hira.

Maganar bindiga ce, amma ta fuskar ciniki. Akwai wata dabara da hukumomi ke yi a ƙasashe da dama in sun ga makamai sun yi yawa a hannun jama'a. Sai su yi shela: duk mai bindiga ya kawo, ba za a tambaye shi inda ya samo ba, ba za a kama shi ba, kuma za a ba shi wani abu a madadinta. Niyyar mai kyau ce. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ranar kasuwa ya san cewa da zarar an sa wa abu farashi, to an buɗe ƙofar ciniki, kuma ciniki yana da nasa hali. Labaran da muka kawo, wasu na ban dariya ne, wasu kuwa dariyar ba ta kai ciki.

In tayi ya wuce kuɗin kaya

Mu fara da Amurka, inda aka fi yin irin wannan saye. A watan Yulin 2022 hukumomin birnin Houston na jihar Texas suka buɗe wurin karɓar bindigogi. Ba tsabar kuɗi suke bayarwa ba, katin sayayya ne, wanda mutum zai kai kanti ya ɗauki kaya daidai kuɗin da ke cikinsa. Sai ga wani mutum ya zo da bindigogi 62, dukansu na roba, ƙirar gida. Akwai wata na'ura a yanzu mai kama da wadda ke buga takarda, sai dai maimakon tawada, roba take narkarwa tana jerawa sala-sala har siffar abin da ake so ta fito. Da ita aka ƙera su. Mutumin ya shaida wa ƴan jarida cewa kowace ɗaya ta ci masa kamar dala 3, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta kasuwa ba. Hukuma ta biya shi dala 50 a kan kowace. Fatake, ku yi lissafi da kanku. Magajin garin ya ce daga ranar ba za su sake karɓar irinsu ba.

Wata guda bayan haka, a garin Utica na jihar Niyok, wani ya yi wadda ta fi wannan. Ya tuƙo mota tafiyar awa shida daga wata jiha, ya kawo sassan bindiga 110 da ya buga da irin wannan na'ura, wadda kuɗinta bai wuce dala 200 ba. Aka yi ta ja-in-ja da ma'aikata har yamma, a ƙarshe ya tafi gida da katin dala 21,000, wato sama da miliyan 13 na sefa a canjin lokacin. Dole ofishin babbar lauyar jihar ya sake dokar sayen, ya karya farashin na roba ƙasa warwas.

Kun ga abin da ya faru ke nan. An fito don a rage bindigogi, sai tayin da aka yi ya sa aka ƙera waɗanda da ba su a duniya. A nan wajenmu ba sai an nemi na'ura ba. In aka ce yau kowace harba-ka-ruga za a saye ta ninki goma na kuɗinta, ai maƙeran da ke ƙera ta a ɓoye ba za su yi barci ba.

In farashi ɗaya ne ga kowane kaya

A birnin Shikago kuma, a 2012, dala 100 ake bayarwa a kan kowace bindiga, sabuwa ko tsohuwa. Sai wata ƙungiyar masu sha'awar bindiga daga wani gari da ke kudu da birnin ta bi mambobinta ta tattaro tsofaffin bindigogi masu tsatsa, waɗanda yawancinsu ko tashi ba sa yi, wajen guda 60. Suka kai, suka karɓi katin dala 6,240. Me suka yi da kuɗin? Suka sayi harsasai da sababbin bindigogi domin sansanin da ake koya wa yara harbi. Kuma ba su ɓoye ba, su da kansu suka ba ƴan jarida labari.

Makiyayi ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan. A ce wani attajiri ya shigo kara ya ce kowace saniya kuɗinta ɗaya, wa zai jawo masa bijimi ko karsana mai ciki? Ramammiya mai jiran wuƙa za a kai masa.

A birnin Seattle, cikin Janairun 2013, ƴan baranda ne suka ɓata cinikin. Mutane sun yi layi da motoci suna jiran su miƙa wa ƴan sanda bindigoginsu, sai ga wasu sun tsaya a bakin hanya da alluna a hannu, suna cewa su tsabar kuɗi za su biya, kuma fiye da na hukuma in kayan na kirki ne. A lokacin dokar jihar ba ta hana mutum ya sayar wa mutum bindiga hannu da hannu ba. Sai masu kyau da yawa suka tsaya a waje, suka sake sabon ubangida, ƴan sanda na kallo.

Tayin Zamfara

To, mu dawo kusa da gida. A watan Yulin 2020 gwamnan jihar Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya yi shelar cewa duk ɗan bindigar da ya tuba ya miƙa AK-47 ɗaya, za a ba shi shanu biyu. Labarin ya zagaya duniya, wasu na dariya, wasu na fushi, suna cewa ta yaya za a saka wa wanda ya kore shanun mutane da shanu. Hujjar gwamnan ita ce in aka ba da kuɗi, da su za a sake sayo wata bindigar, saniya kuwa hanyar komawa sana'a ce.

Hujjar tana da ma'ana, amma mu ɗora ta a kan sikeli. Rahoton BBC na lokacin ya ce matsakaiciyar saniya tana kai naira 100,000, ita kuwa AK-47 a kasuwar bayan fage tana iya kai naira 500,000. Wato an taya kayan dubu ɗari biyar a dubu ɗari biyu. Sannan ga abin da ya fi lissafi nauyi: wanda ke kore garke guda a dare ɗaya da wannan bindiga, me shanu biyu za su yi masa? Shi kuma wanda ya saye ta don tsoro, in ya miƙa ta ya koro shanunsa biyu zuwa daji, wa zai hana a ƙwace su kafin ya isa ruga?

An samu waɗanda suka ajiye makamai a zamanin sulhun, amma hare-hare ba su tsaya ba. Zuwa Satumban 2021 gwamnatin jihar ta ce ta daina sulhu, aka rufe kasuwannin mako, aka hana safarar dabbobi, aka katse layukan waya. Wa ya ji a jikinsa? Makiyayin da bai taɓa riƙe komai ba sai sanda, da falken da jarinsa ke kan hanya.

Inda abin ya yi ɗan tasiri

Kada a ce dabarar ba ta taɓa aiki ba. A Mozambik, bayan yaƙin basasar da ya ƙare a 1992, majalisar majami'un ƙasar, bisa jagorancin Bishop Dinis Sengulane, ta fara wani shiri a 1995. Ba kuɗi ake bayarwa ba. Ka kawo bindiga, a ba ka fartanya, ko keken ɗinki, ko keken hawa, ko kwanon rufi da siminti. Ƙauyen da ya tara da yawa har tarakta ya samu. Bindigar kuwa yanka ta ake yi gunduwa-gunduwa don kada ta sake komawa daji ta ƙofar baya. Masu aikin walda na birnin Maputo suka riƙa haɗa guntayen suna yin siffofi, har wani ya ƙera kujera sukutum da bindigogi, wadda gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya saya a 2002. Abin mamaki, ƙasar da ta yi wannan ita ce mai hoton AK-47 a tutarta har yau, an gicciya ta da fartanya a kan buɗaɗɗen littafi.

A Ostireliya, bayan wani mutum ɗaya ya kashe mutum 35 a Port Arthur a 1996, gwamnati ta haramta wasu nau'o'in bindiga, sannan ta saye su daga hannun jama'a, wajen 650,000. Can ba zaɓi aka bayar ba, doka ce, kuma an biya kowace gwargwadon darajarta. Sai dai mu tuna, Ostireliya teku ne ya kewaye ta. Ba ta da iyakar ƙasa da kowa, balle hanyar babur ta cikin daji.

Mu ma yankinmu ya ga irin nasa. Ranar 27 ga Maris 1996 an ƙona makamai wajen 3,000 a Tumbutu, a gaban shugaba Alpha Oumar Konaré na Mali da Jerry Rawlings na Gana. Ranar 25 ga Satumba 2000 aka yi irin wannan wuta a Agadas, zamanin shugaba Tandja Mamadou, aka ƙona fiye da 1,000. Ku lura, a duka biyun sulhu ne ya riga wuta. A Nijar an sa hannu kan yarjejeniya tun 24 ga Afrilun 1995, aka ɗauki tsofaffin ƴan tawaye aikin soja da jandarma da sauran ayyukan gwamnati, kafin a tara makaman. Mutum ya ga inda zai ci abinci gobe, sannan ya saki abin da ke hannunsa. Duk da haka tawaye ya sake tashi a arewacin Nijar a 2007, kuma da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a 2011, rumbunan makaman Libiya suka fashe, kaya suka malalo kudu. Ana kwashe ruwa a ɗaki, rufi na yoyo.

In muka haɗa labaran nan, sharuɗɗan a fili suke. Wanda zai miƙa ya tabbata akwai mai tsare shi bayan ya miƙa. Ladan ya zama abin sana'a ko abin amfanin gari, kamar rijiya ko asibitin dabbobi, wanda ba a juya shi a sayo wata. A lalata makamin a gaban jama'a. A toshe hanyar da sababbi ke shigowa. In ɗaya ya ɓace, hukuma ta zama ƙarin mai saye a kasuwa kawai.

Abin da ya shafe mu kai tsaye

Ga inda muke roƙon a buɗe kunne. Duk lokacin da aka yi irin wannan shela a wani gefen iyaka, sai an samu mai raɗa wa wani cewa ga riba, a sayo a nan da araha a kai can a karɓi shanu ko kuɗi. Jama'a, garin neman gira kada a rasa ido.

Afuwar da gwamna ko wata hukuma ta yi, iyakarta wurin da aka yi ta da kwanakin da aka yanka. Ba ta san jandarman da ke shingen hanya ba, ba ta san ɗan duwan ko kwastan ba. In an kama ka da ita a tsakani, mai safarar makamai ne sunanka. A Najeriya dokar makamai ta sa AK-47 cikin waɗanda aka haramta wa farar hula, kuma hukuncin riƙe irinta ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. A watan Maris 2021 ma shugaba Buhari ya ba jami'an tsaro umarnin harbe duk wanda aka gani da ita a daji ba bisa ƙa'ida ba. Ko bindigar toka ta farauta sai da takarda, kuma takardar ƙasa ɗaya ba ta aiki a wata. Mai ƙetarawa da garke ya san da wannan tun kafin ya ɗaura kaya.

Direbobi da masu amalanke da ƴan kabu-kabu, kada ku karɓi ƙunshi ko buhun da ba ku ga cikinsa ba, ko na wane ne. In an buɗe a shinge, wanda kayan ke hannunsa shi ake tambaya.

Wanda kuma ke da makami a ɓoye yana son rabuwa da shi, kada ya saɓa shi ya kama hanya. Ya fara zuwa wurin arɗo, ko mai gari, ko hakimi, su sanar da jami'an tsaro, a sa rana, a miƙa a gaban shaidu, kuma ya nemi takardar shaidar ya miƙa. A Nijar akwai hukumar da aka kafa tun 1994 musamman don tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa doka ba, kuma sarakunan gargajiya sun san hanyar isa gare ta.

Mun san akwai mai cewa, ku kuna cikin gari kuna magana, mu ne ke kwana a daji. Gaskiya ne, kuma ba mu raina wannan tsoro ba. Shi ya sa a shiri na gaba za mu buɗe layi ga makiyaya da shugabanninsu, mu ji daga bakinsu abin da zai sa mutum ya yarda ya koma ga sandarsa. A tanadi batir, a kuma gaya wa na nesa.

Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu, ya kai fatake gida lafiya, ya ba mu damina mai albarka.