Kiwon jar akuya a yankin Funtua da Malumfashi: abin da mai farawa ya kamata ya sani

A tsaunukan ƙasar Peru, wata dabba 'yar uwar raƙumi da ake kira alfaka ce rufin asirin ƙananan makiyaya, domin ulun da ake aske mata sau ɗaya a shekara. Sai dai dabbar tudu ce mai son sanyi, tana ɗaukar ciki kimanin wata 11, kuma ɗa guda take haifa. Ƙasar Hausa tana da tata dabbar wadda ta dace da zafinta da aljihun talakanta, wato jar akuya, wadda ake danganta ta da Sakkwato a Najeriya, da Maraɗi a Nijar.

Darajarta tsohuwa ce. Fatarta ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, don a can suke sayenta. Akuyar tana haihuwa bayan kimanin kwana 150, sau da yawa tagwaye, kuma idan ta samu kulawa takan haihu sau 3 cikin shekara 2. Ga nama, ga madara, ga taki.

Me ya sa yankin ya dace?

Abinci shi ne ke cinye jarin mai kiwo, kuma nan ne Funtua, Bakori, Ɗanja, Ƙafur da Malumfashi suka yi sa'a. Ƙasar masara ce da dawa da waken suya da auduga, don haka akwai dusa, kara, harawar wake da ta gyaɗa, kowa da angurya. Sirrin shi ne saye da kaka, lokacin da harawa ke da araha, a adana ta inda ruwa da gara ba sa kaiwa. Wanda ya bari sai bazara zai saya da tsada. Da damina kuwa ana ɗaure dabbobi saboda gonaki, tilas mai su ya tanadi wanda zai yanko ciyawa kullum.

Yadda ake farawa

Da sannu ake hawa tudu. Awaki 3 zuwa 5 da bunsuru guda sun isa makarantar farko, tunda bunsuru ɗaya yana iya wadatar da awaki 20. A duba haƙora don sanin shekaru, a duba ido da hanci da hantsa, a guji mai majina ko zawo komai sauƙin kuɗinta. Sabuwar dabba a killace ta daban na mako 2 zuwa 3 kafin ta shiga garke. Akuya ba ta jure laima, saboda haka tana buƙatar rumfa mai rufi da busasshen daɓe. A riƙa sauya bunsuru don kada ya barbari 'ya'yansa iri ya lalace.

Babbar barazana ita ce cutar PPR, mai zuwa da zazzaɓi da majina da zawo, wadda kan share garke cikin 'yan kwanaki. Tana da rigakafi, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa shi, kuma hukumomin duniya sun ɗauri aniyar kawar da cutar nan da 2030. Sai tsutsar ciki da kaska, waɗanda ke tsananta da damina. Mai neman shawarar masana ba zai yi doguwar tafiya ba: cibiyar binciken kiwo ta NAPRI, ta Jami'ar Ahmadu Bello, tana Shika a kan hanyar Funtua zuwa Zariya.

Inda gizo ke saƙa

Duk wannan lissafi yana rataye ne a kan tsaro. Satar dabbobi ta ɗaiɗaita ƙauyuka a Faskari, Sabuwa, Ɗandume da Ƙanƙara. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Malumfashi da Ƙafur da Faskari, don toshe wa ɓarayin daji kafa. Matakin ya nuna cewa akuya, wadda ita ce asusun matar karkara, tana iya zama dukiyar da ba ta sayuwa a ranar da aka fi buƙatar kuɗinta.

Yanzu gwamnatoci sun waiwayi kiwo. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo, a 2025 kuma gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar da shirin raba wa mata dubban awaki. Raba dabba shi ne ɓangare mai sauƙi. Tambayoyin da suka cancanci amsa su ne: nawa aka sayi kowace akuya, wa ya samu kwangilar, ta wace hanya aka zaɓi waɗanda suka amfana, an yi wa dabbobin rigakafi, kuma nawa ne ke raye bayan damina biyu? Matashin da ke shirin zuba jarinsa a wannan sana'a yana da haƙƙin jin amsar daga kansilansa da ɗan majalisarsa, domin likitan dabbobi a gunduma da hanya mai aminci zuwa kasuwa ba abubuwa ba ne da mai akuya biyar zai iya saya wa kansa.