Warware Rikicin Fayiloli Tsakanin Direbobin Katin Hoto a Tsarin Gentoo

A tsarin Gentoo, inda ake harhaɗa manhaja daga tushenta, Portage yana adana bayanin kowane fayil da ƙunshin da ya mallake shi a /var/db/pkg. Idan sabon ƙunshi ya nemi rubuta fayil da wani ya riga ya mallaka, sai Portage ya dakatar da girkawa. Mesa da nvidia-drivers sun daɗe da wannan matsala, domin kowannensu yana samar da libGL.so. A da, eselect opengl ke zaɓar wanda zai yi aiki. Daga baya libglvnd ta mallaki fayil ɗin ita kaɗai, tana miƙa buƙatun OpenGL ga libGLX_mesa ko libGLX_nvidia.

Don haka, matakin farko shi ne gano mamallakin fayil da umarnin qfile ko equery belongs. Idan tsohon ƙunshi ne, a sabunta shi ko a cire shi. Idan ba shi da mamallaki, sau da yawa ragowar direban NVIDIA ne da aka girka da hannu, kuma nvidia-uninstall ke kawar da shi. Kashe kariyar Portage kuwa yana barin fayil ɗaya a hannun ƙunshi biyu, kuma ranar da aka cire ɗaya, manhajojin hoto na iya ƙin buɗewa.