Batirin Mota: Me Mita Ke Faɗa Mana?

A wannan makon, shafin kimiyya na jaridarmu ta bango zai leƙa ƙarƙashin bonet ɗin mota ne.

Babu wanda bai taɓa ganin ana tura mota ba a cikinmu. Direba ya murɗa mukulli, sai ka ji ƙyat-ƙyat-ƙyat, inji ya ƙi tashi, yara su taru suna turawa suna dariya. A cikin gari abin wasa ne. Amma duk mun san halin da hanyoyinmu suke ciki. Babu direban da yake so motarsa ta mutu tsakanin 'Yargoje da Ƙanƙara, ko a hanyar Sheme da Faskari, bayan la'asar sakaliya. Haka kuma idan aka tashi cikin dare za a kai mai naƙuda babban asibitin Ƙanƙara, ba lokacin neman masu turi ba ne. Motoci masu giyar atomatik ma ko an tura su ba sa tashi. Abin da ya sa muka zaɓi wannan batu shi ne, batir ba ya mutuwa farat ɗaya. Yana nuna alamu tun da wuri, kuma ɗan JSS zai iya karanta su.

Bari mu fara da abin da ke cikinsa. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro irin wannan batir a 1859, kuma har yau tsarinsa bai canja sosai ba. A cikin akwatin akwai ɗakuna shida. Kowane ɗaki yana da faranta na dalma da aka tsoma cikin asid haɗe da ruwa. Idan ɗaki ɗaya ya cika da caji yana ba da wuta kimanin bolt 2.1. (Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin wuta, an samo sunan daga Alessandro Volta ɗan ƙasar Italiya, wanda ya haɗa batir na farko a 1800. Shi ya sa ake rubuta harafin V a jikin mita.) To, ku yi lissafin da kanku: 6 sau 2.1 ya ba mu 12.6. Ke nan batirin da kowa ke kira "mai 12" idan yana da lafiya kuma ya cika, 12.6 ya kamata ya nuna. Wanda ya nuna 12.0 cif ya kusa ƙarewa. Wannan shi ne abin da ya fi ba mu mamaki a duk binciken.

Yaya ake aunawa? Da ƙaramar mitar nan da masu gyaran waya da rediyo ke amfani da ita, mai igiya biyu, ja da baƙa. A murɗa ta zuwa inda aka rubuta DCV, a kan lamba 20. Jan bakin a ɗora shi kan kan batir mai alamar tarawa (+), baƙin kuma a kan mai alamar ɗebewa (−). Idan an juya su ba abin da zai lalace, mita za ta nuna alamar ɗebewa ne kawai a gaban lambar. Sai dai a tabbata an kashe mota ta huta aƙalla awa ɗaya, an kuma kashe fitilu da rediyo, domin batirin da aka gama caji yanzu-yanzu yakan nuna lambar da ta fi gaskiyarsa. Da sassafe kafin a tayar da mota ya fi.

Idan mita ta nuna 12.6, batir a cike yake. Wajen 12.4 ya rage kamar kashi uku cikin huɗu. A 12.2 rabi ne. A 12.0 saura kwata, a nemi caji a ranar. Idan kuwa aka yi ta caji amma ya tsaya a wajen 10.5, ku koma kan lissafinmu: 5 sau 2.1 nawa ne? Ɗaki ɗaya ya mutu ke nan, biyar ne ke aiki, kuma caji ba ya tayar da mataccen ɗaki.

Amma fa a nan akwai tarko. Wannan awon yana gaya mana ko batir ya cika ne, ba ya gaya mana ko yana da ƙarfi. Ku ɗauki randar da laka ta cike rabinta. Idan an zuba ruwa za ta cika har baki, mai leƙawa ya ce randa cike take, amma moɗa kaɗan za a ɗiba a tarar da laka. Tsohon batir haka yake. Zai nuna 12.6 yana zaune, da an ɗora masa nauyi sai ya zube. Saboda haka akwai awo na biyu, kuma yana buƙatar mutum biyu. Ɗaya ya riƙe mita a kan batir, direba ya murɗa mukulli. A daidai lokacin da kik ke juya inji lambar za ta faɗi, wannan ba komai ba ne. Amma idan ta faɗi ƙasa da 9.6, batirin ya gaji, ko da motar ta tashi a wannan karon.

Awo na uku kuwa ba na batir ba ne, na altaneta ne, wato injin da bel ke juyawa yana mayar wa batir wutar da ya kashe. Mota tana kunne, mita ta nuna tsakanin 13.7 da 14.7. Idan ta tsaya a 12 da wani abu, ba a caji, wataƙila bel ya saki ko altaneta ta lalace. Mai motar da ya sayi sabon batir a wannan hali ya zubar da kuɗinsa ne, domin sabon ma zai bi sahun tsohon. Idan kuma ta wuce 15, wutar ta yi yawa, ruwan ciki zai riƙa tafasa, a ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, wani lokaci cikin batirin ya kumbura.

Mutane da yawa suna zargin sanyi, saboda da safiyar hunturu, a Disamba da Janairu, motoci suka fi ƙin tashi. Gaskiyar ita ce zafi ne ke yin ɓarnar, sanyi tona asiri kawai yake yi. Zafin bazara na Maris da Afrilu, da kan kai digiri 40 a nan Katsina, ga kuma zafin inji, yana ƙafar da ruwan batir yana cinye farantan. Idan hunturu ya zo, batir ya yi sanyi, man inji ya yi kauri, sai raunin ya bayyana. Don haka batirin da ke da murafu a sama, a riƙa buɗewa ana duba ruwan ya rufe farantan. Kuma a nan sai an yi hattara da kalmar "ruwan batir", domin abu biyu muke kira da ita. Akwai asid, akwai tataccen ruwa. Wanda ke ƙafewa ruwan ne, asid ɗin yana nan, saboda haka tataccen ruwa kaɗai ake ƙarawa. Ruwan rijiya ko na leda yana da gishiri-gishirin da ke lalata farantan.

Barin batir babu caji na kwanaki ma yana kashe shi, domin wani farin abu yana daskarewa a jikin farantan ya ƙi narkewa. Wannan ya shafi gidajen da ke jona batirin mota da sola don cajin waya da kunna fitila. An yi batirin mota ne don ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙu, ba don a tsotse shi kullum har ƙasa ba. In ya kai 12.2, a ɗaga masa ƙafa.

Farin garin da ke taruwa a kan batir yana hana wuta wucewa, har a ɗauka batirin ne ya mutu. Ruwan kanwa da tsohon buroshi suna wanke shi, amma kada ya shiga cikin ɗakunan. Wajen kwancewa a fara cire na ɗebewa, wajen mayarwa shi ne na ƙarshe. Akwai kuma ɗabi'u biyu da muke gani waɗanda a ra'ayinmu ya kamata a bari. Ɗaya ita ce goga waya tsakanin kawunan biyu don a ga tartsatsi. Batir yana fitar da iskar haidurojin mai kama wuta, tartsatsi ko ashana ko taba na iya fasa shi, asid ya watsu a ido. Ta biyu ita ce cire kan batir mota tana kunne don gwada altaneta, wanda kan ƙona kwamfutar motocin zamani. Mita ta isar wa duka biyun. Mu yara kuma kada mu taɓa sai da babba a wurin, kuma hannu da riga su yi nesa da fanka da bel.

Saura mataccen batir. Dalmar da ke cikinsa guba ce, kuma yara ta fi yi wa illa. A 2010, a maƙwabciyarmu Zamfara, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, gubar dalma ta kashe yara sama da 400. Can daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, amma dalmar iri ɗaya ce da ta batir. Kada a fasa shi, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya ko turken dabbobi, kada a mayar da akwatinsa kujera ko mazubin ruwan kaji. A kai shi yadda yake wurin masu sayar da batir, da yawansu suna karɓar tsoho su rage wa mutum kuɗin sabo.