Shin Ko Kun San? Daga Banga Zuwa Dutsi

Shin ko kun san ruwan saman da ya sauka a Banga, wani ɗan gari a ƙaramar hukumar Ƙaura Namoda, arewa yake fara dosa kafin ya nemi teku? Gulbin Gagare ne ke kwasar ruwan yankin, ya bi ta ƙasar Shinkafi, ya haɗu da gulbin Bunsuru da ya ratso ƙasar Zurmi, su zuba cikin Rima. Daga nan sai madatsar ruwa ta Goronyo, sai Sakkwato, sai Argungu, har Kwara. Wato masuntan Argungu ma suna cin albarkacin damanar Zamfara.

Da rani kuwa gulbin nan sai ya koma rairayi zalla. Tona kamu biyu ko uku, ruwa ya ɓuɓɓugo mai sanyi. Da shi ake shayar da dabbobi, da shi ake ban ruwan albasa da tumatir a fadama. Ni dai ban ga inuwar da ta kai ta kanya a bakin gulbi da azahar ba.

Shin ko kun san garin Dutsi da ke ƙasar Zurmi shi ake ɗauka mazaunin farko na sarakunan Zamfara? Har yau ana nuna wasu dogayen kaburbura a can, waɗanda labarin baka ke cewa na sarakunan farko ne, irin su Dakka.

Kun san Baturen nan Clapperton ya ratsa Zurmi a 1824, Barth kuma ya biyo sahu a 1853, dukansu a hanyar Sakkwato?

Kun san layin dogon da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau a Ƙaura Namoda ya tuƙe, a 1929? Gyaɗa da auduga suka jawo shi. Sunan garin kuwa daga Namoda ne, jarumin Alibawa da ya taka rawa wajen cin Alƙalawa a 1808. Sarkin garin Sarkin Kiyawa ake kiran sa.

Kasuwar Shinkafi ranar Alhamis take ci.

Sai dai 'yan bindiga sun mayar da dazuzzukan yankin, irin su Dumburum, maɓoyarsu. Mai son zuwa ya fara tambayar 'yan gari halin da hanya ke ciki, kuma kada ya bari magariba ta riske shi a kan titi.