Idan abu ya faɗa kan layin dogo a tasha

Duk wanda ya saba hawa jirgin Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, ya san yadda ake turereniya a dandamalin tashar Idu ko Rigasa. A irin wannan cunkoso waya kan suɓuce, takalmin yaro kan faɗa ƙasa tsakanin ƙarafa. Hankalina yakan tashi in na ga mutum ya leƙa yana shirin dira.

Ka'idar ma'aikatan jirgi a nan a fili take: kada fasinja ya sauka da kansa. A sanar da shugaban tasha. Shi zai sa a tsayar da jirgi da jar sigina ko jar tuta, ya tabbatar an rufe layin, sannan ma'aikaci ya sauka, wani kuma ya tsaya gadi da usur yana duban ɓangarori biyu. Ba a sake buɗe layi sai wanda ya sauka ya hau, ya ce an kwashe komai.

Dalilin wannan tsanani shi ne birki. Ƙafar jirgi ƙarfe ce a kan ƙarfe, ba ta kama hanya kamar tayar mota, kuma jirgi mai gudu kan ci kusan kilomita kafin ya tsaya. Direba ba shi da sitiyarin kaucewa.

Wurin da ya fi ba ni tsoro shi ne mahaɗar da ake sauya wa jirgi layi. Dutse ɗaya in ya maƙale a can, ƙarfen ba zai rufe daidai ba, tarago na iya sauka daga layi da mutane a ciki.