Idan pip ya ce wuri ya cika

Matasan Nima da Maamobi masu koyon Python a tsofaffin kwamfutoci sukan gamu da wannan: ana tsakiyar girka babbar manhaja da pip, sai aikin ya tsaya wai babu wuri, alhali faifan na da sarari. Kuɗin data kuma ya tafi a banza.

Pip yana fara zuba kayansa ne a /tmp, wanda a Fedora cikin RAM yake, kuma rabinsa kawai aka yarje masa. A buɗe sabon folda a faifai mai yalwa, a rubuta export TMPDIR=/hanyar/folda, sannan a sake kunna pip. A Windows kuwa, TEMP ake sauyawa. Sai dai in ba a riga an buɗe foldan ba, Python zai koma /tmp shiru, babu ko gargaɗi.