Dutsen da Ke Cikin Batirin Wayarka

Jama'a, ku duba wayar hannunku. A cikin batirinta akwai wani ma'adini mai suna litiyam. Daga dutse ake samunsa. Motoci masu lantarki ma da shi suke tafiya. Shi ya sa Sin da Amurka da Turai suke rububinsa.

Tafiyarsa doguwa ce. A haƙo shi a Afirka, a kai Sin a tace, a yi batir, sannan ya dawo kasuwar Shuwarin da tsada. Mai haƙa kuwa ɗan kaɗan yake samu.

Ba yau aka fara ba. Kakanninmu sun yi haƙar kuza a Jos. A 1942 har tilasta musu aka yi. Kuza ta tafi Ingila, aka bar mana ramuka. A 2024 wani kamfanin Sin ya buɗe masana'antar litiyam a Jihar Nasarawa.

Mu nan Dutse duwatsu sun kewaye mu. Wata rana baƙo zai iya zuwa gonarka da takarda. Dokar 2007 ta ce ma'adinai na Gwamnatin Tarayya ne. Amma mai haƙa sai ya sami lasisi, ya nemi yardar mai gona, ya biya diyya. Kada ka dangwala yatsa a kan abin da ba ka karanta ba. Kai takardar wurin dagaci, a karanta a bainar jama'a.

Kuma kada a daka dutsen ma'adini a gida. A Zamfara, a 2010, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400.